Buyo, Tsohon Birnin Sarakunan Bekje

A wannan wata za mu leƙa wani ƙaramin gari a Koriya ta Kudu, sunansa Buyo. Daga Seoul, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa biyu ce a mota in an nufi kudu. Garin yana bakin Kogin Gum. Baƙo ba zai ce an taɓa yin fada a nan ba, amma daga shekara ta 538 zuwa 660 bayan haihuwar Almasihu nan ne mazaunin sarakunan Bekje. Sabi ake ce da shi a lokacin.

A wancan zamani masarautu uku suka raba Koriya: Goguryo a arewa, Bekje a kudu maso yamma, Shilla a kudu maso gabas. Don tsoron Goguryo, Bekje da Shilla suka ƙulla amana, har a 551 suka haɗu suka ci kwarin Kogin Han. Bayan shekara biyu Shilla ta juya ta ƙwace rabon Bekje. Sarki Song na Bekje ya fita ramuwa, aka kashe shi a 554. Daga nan gaba ta kafu tsakaninsu, ta fi shekara ɗari.

Da Bekje ta matsa wa Shilla, sai Shilla ta nemi gudunmawar daular Tang ta ƙasar Sin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Littattafan tarihi sun ce a 660 mayaƙan Tang 130,000 suka zo ta teku, na Shilla 50,000 suka biyo ta tudu. Sarkin yaƙin Bekje, Gyebek, ya tare na Shilla da mutum 5,000, can ya kwanta dama. Aka ci birnin, aka tafi da Sarki Uija ƙasar Sin, inda ya rasu.

In muka hau tudun Buso da ke bayan gari, za mu ga wani dutse ya tsaya bisa kogin. An ce daga kansa matan fada suka faɗa ruwa don kada a kama su bayi. In muka sauko tsakiyar gari kuwa, ga hasumiyar dutse mai hawa biyar, tsawonta ya ɗara mita takwas. Maginan Bekje suka gina ta a wani haikalin Buda. A jikinta Su Dingfang, shugaban mayaƙan Tang, ya sa aka sassaƙa labarin nasararsa.

A 668 Tang da Shilla suka ci Goguryo ita ma. Sai ga shi baƙon ba shi da niyyar komawa gida, yana so ya mallaki ƙasar duka. Dole Shilla ta ɗauki makami ta yaƙi abokin taimakonta, ba ta samu ya janye ba sai a 676. Ko da haka, yawancin ƙasar Goguryo ba ta shiga hannunta ba.

Har yau rubutun nan yana jikin hasumiyar, duk wanda ya matsa kusa zai ga alamarsa.