Maganar da na faɗa wa ƙanwata cikin fushi

Shekarun da ƙanwata ta yi tana fama da tunanin cewa jikinta yana wari, ni ce mafi kusa da ita a gidanmu, kuma ni ce na fi kowa ƙara mata ciwon. Ban yi da mugunta ba, amma rashin muguntata bai rage mata komai daga wahalar da ta sha ba. Da izininta nake wannan rubutu.

Abin ya faro tana ajin ƙarshe na sakandare. Wata rana a aji wata yarinya ta toshe hanci ta ce wa ke wari a nan, aka yi dariya, aka ci gaba da darasi. Kowa ya manta sai ita. Daga nan wanka ya fara yawa, kaskon turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakinta, kuɗin makarantar da ake ba ta duk a humra da sabulu suke ƙarewa. Mu kuwa murna muka yi. A gidan Bahaushe yarinyar da ke son wanka da ƙamshi yabo take sha, Mama har misali take yi da ita ga sauran yara. Ba mu lura cewa fatar hammatarta ta fara tsagewa saboda dirza ba, ko cewa tana goge baki da buroshi har dasashinta ya yi jini.

Kuskurena na farko ya zo da kamar taimako. Takan miƙo mini riga ta ce, "Yaya, don Allah sansana mini wannan." In sansana, in ce babu komai sai ƙamshi. Ta ce in rantse, in rantse. Fuskarta ta saki, ta yi murmushi, ni ma in ji na yi abin kirki. Kafin a jima ta dawo da mayafi, ko ta matso ta hura mini numfashi. Idan mun shiga adaidaita sahu wani ya ja tsaki ko ya juya fuska waje, tana sauka sai ta ce saboda ita ne. Lokacin hunturu ya fi komai tsanani, domin rabin gari ne ke rufe hanci saboda ƙura, ita kuwa kowane mai takunkumi shaida ne a kanta. Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: rantsuwa, sai sabuwar kwalbar turare.

Na biyun shi ne wanda har yau ban gama yafe wa kaina ba. Ranar kamun wata 'yar'uwarmu, mota tana jira a ƙofar gida, ta gama shiri tsaf, sai ta tuɓe ta koma banɗaki. Da ta fito ta sake tambayata. Na gaji, kuma a raina na daɗe ina ɗaukar abin iyayi ne da neman a kula da ita. Na daka mata tsawa na ce, "To kina wari! Kowa ya sani. Hankalinki ya kwanta?" Nufina ta ji zafi ta daina tambaya. Ta kuwa daina. Ba ta je bikin ba, ta daina cin abinci tare da mu, ta ajiye karatun da ta fara bayan sakandare, ta koma zaman ɗaki. Daga baya ta gaya mini yadda ta ɗauki abin: duk rantsuwar da na yi mata a baya kara ce irin ta 'yan'uwa, domin ta san mutanenmu da kawaici, ba sa iya duban idon mutum su ce yana wari. Ranar da fushi ya kwance mini baki, a wurinta, ranar ce kaɗai na faɗi gaskiya.

Mun bi hanyoyin da aka saba, rubutun sha, hayaƙi, zargin sammu. Wadda ta fara nuna mana hanya malamarta ce ta Islamiyya. Ta lura yarinyar tana yanke salla tana sake alwala, wai ta ji warin iska ta fita. Malama ta karantar da ita hukuncin da ke cikin fiƙihun Malikiyya, cewa wanda shakka ta aure shi, tana zuwar masa kullum, watsi zai yi da ita ya ci gaba da sallarsa. Sannan ta kira ni gefe ta ce, "Wannan ya wuce waswasin alwala, ku kai ta asibiti." Likitan haƙori muka fara gani, ya duba ya ce bakinta lafiya lau, ya tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Sai da aka kai ruwa rana a gida kafin a yarda, saboda tsoron kada a ji an kai budurwa asibitin mahaukata.

A can na fara sanin cewa abin da na kira iyayi ciwo ne sananne. Dangin ciwon waswasi ne, wanda likitoci ke kira OCD, inda wani tunani ke maƙale wa mutum yana tayar masa da hankali, shi kuma yana maimaita wani aiki don ya samu sauƙi. Wasu masu OCD ƙyamar warin waje ke damunsu, su yi ta wanke abin da ya taɓa shara ko masai. Nata kuwa jikinta take tuhuma. Wani likita mai suna Pryse-Phillips ne ya yi cikakken bayanin wannan nau'i a 1971, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi gurbinsa a sabon kundin cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Ba ciwon Turawa ba ne. Tun a 1990 likitoci biyu a birnin Benin, Iwu da Akpata, suka wallafa bayanin mutum 32 da suka haƙiƙance bakinsu na wari alhali ba ya yi. Abin da ya fi girgiza ni shi ne binciken da Katharine Phillips da abokin aikinta suka fitar a Amurka a 2011 kan mutum 20 masu wannan ciwo: kusan kashi ɗaya cikin uku sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Na tuna watannin da ta yi a ɗaki ita kaɗai da maganata a ranta, jikina ya yi sanyi.

Likita bai fara da cewa babu warin ba. Ya tambayi tarihinta ya duba ta tukuna, domin akwai cututtukan da ke kawo wari na gaske, kamar ciwon dasashi, ko wata larurar gado da ke sa gumi da numfashi su yi ƙarnin kifi, kuma akwai nau'in farfaɗiya da ke sa mutum ya ji warin da babu shi. Da ya kawar da waɗannan sai ya juyo kaina. Ya ce duk lokacin da na sansana riga na rantse, hankalinta yana kwanciya na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwarta kuma tana koyon cewa haɗarin gaskiya ne, dubawar ce kawai ta tsirar da ita. Kamar sosa ƙaiƙayi ne, da daɗi a lokacin, amma ƙurjin faɗi yake ƙarawa. Wato shekarun da nake ganin ina lallashinta, ciwon nake ciyarwa.

An ɗora ta kan fluoxetine, aka gargaɗe mu cewa a wannan ciwo maganin kan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai, kada mu yanke ƙauna mu daina. Tare da shi aka fara horon da Victor Meyer ya assasa a Landan a 1966: mutum ya tunkari abin da yake tsoro a hankali, ya hana kansa aikin da ya saba yi don samun sauƙi, har fargabar ta sauka da kanta. Ta fara da zama a falo bayan wanka ɗaya tak. Sai shiga adaidaita ba turare. Sai zama a sahun tsakiya a Islamiyya. Nawa aikin shi ne in daina amsawa. Idan ta tambaya sai in ce, "Mun yi alkawari da likita ba zan amsa wannan ba, amma ga ni nan tare da ke." Ranakun farko tana kuka tana cewa na tsane ta, ni ma sai in shiga ɗaki in yi nawa kukan.

Ta koma karatu, tana zuwa biki, tana ci da mu a kwano ɗaya. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Yakan motsa lokacin jarrabawa ko idan ta yi sakaci da magani, kuma idan ya motsa, maganata ta ranar kamu ce take fara dawo mata. Na ba ta haƙuri a gaban likita, na gaya mata dalla-dalla cewa ƙarya na yi cikin fushi. Likita ya ce wannan karon ya wadatar, kada in maimaita, domin janye maganar ma zai iya zama wata sabuwar rantsuwar da za ta riƙa nema. Saboda haka idan ta dube ni ta ce, "Yaya, ranar nan da gaske kike?" ba ni da damar cewa a'a. Sai in tuna mata alkawarinmu, in zauna kusa da ita har fargabar ta lafa, in kuma tambaye ta yaushe ne ranar komawarta asibiti.