Hantsi, shawara da ɗan farin Yayata

1/ Jiya a cikin motar Kalgo wata mata tana ba ta kusa da ita labari, wai jaririnta kwana huɗu idonsa ya yi rawaya, amma ba komai, kullum tana shanya shi a hantsi. Duk matan motar suka ce ai haka ake yi. Ni dai gabana faɗuwa ya yi. Bari in ba ku labarin gidanmu. Zaren yana da tsawo, ku yi haƙuri 🧵

2/ Ni 'yar Dodoru ce, ƙasar Gwandu. Bara a watan Afrilu ina gida hutu, Yayata ta zo goyon ciki, haihuwar fari. Ta sauka lafiya a ɗakin Inna, namiji. Gida ya cika da 'yan barka, ga hayaƙin ruwan wankan jego, ga kunun kanwa. Ni aikina wankin zannuwa da kai wa baƙi ruwa.

3/ Kwana na uku da safe Kaka, mahaifiyar Baba, ta ɗauko shi ta buɗe idonsa da yatsa. Farin idon kamar an ɗiga masa ruwan ɗorawa. Ta ce, "Shawara ta. Duk ɗiyan da nih haifa da hantsi munka kashe ta." Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta tuɓe shi, ta ɗora shi a cinya, tana juya shi ciki da baya tana kiransa angonta.

4/ Gaskiya abin gwanin sha'awa ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san hoton nan: tsohuwa, jinjiri tsirara, kaji suna kiwo a gefe, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Har hoto na ɗauka. Yana nan a wayata, ba na son kallonsa.

5/ Ga inda laifina yake. Ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, fannin kimiyya, kuma zangon da ya wuce aka koya mana bilirubin. Na rubuta shi a jarrabawa na ci. Na ce wa Kaka ko za a kai shi a auna jini? Ta ce, "Mi kis sani ke, kishiya? Ubanki ma haka nir raine shi." Aka yi dariya. Ni ma na yi dariya na ja bakina.

6/ Yaya kuwa ba ta da bakin magana. Ɗan fari ne. Kun san al'adarmu, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban manya, ko sunansa ba ta faɗa. In ta ce a kai shi asibiti, cewa za a yi ba ta da kunya. Da dare na ji tana kuka a hankali, ta juya fuska bango.

7/ Bari in tsaya in faɗi mece ce shawarar jarirai, don da yawa sunanta kawai muka sani. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Suna farfashewa, sai su bar wani sinadari mai launin rawaya, shi ne bilirubin. Hanta ce ke tace shi ya fita a kashi, ita kuwa hantar jinjiri ba ta gama ƙwari ba.

8/ Shi ya sa kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara suke yin ta a makon farko, bakwaini kuma 8 cikin 10. Yawancinsu tana tafiya da kanta in yaro yana shan nono sosai. Nan ne asirin hantsin Kaka: 'ya'yanta sun warke, amma da ma za su warke ko an fitar da su ko ba a fitar ba.

9/ Matsalar ita ce ɗan da tasa ba mai tafiya ba ce. In sinadarin ya hau da yawa yana shiga ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa. Kurumta, kasa riƙe wuya, sanƙarewar gaɓoɓi, wani lokaci rasuwa. A ido ba ka iya bambance mai sauƙi da mai kisa a kwanakin farko, balle a baƙar fata irin tamu da ke ɓoye launin.

10/ Kwana na biyar yaron ya daina kama nono. A sa masa a baki ya tsotsa sau biyu ya yi barci. Wata maƙwabciya ta kawo ruwan gulukos daga kemis, wata ta kawo jiƙo. Na ɗaga ƙafarsa don in canza masa zane, na ga tafin ƙafar ma ya yi rawaya. Wallahi jikina rawa ya kama.

11/ Ban koma wajen Kaka ba. Na fita zaure na samu Baba, na durƙusa na ce, "Baba, in muka kwana da yaron nan a gida ina tsoron abin da zai faru." Ya dube ni ya daɗe. Ban taɓa yi masa magana irin haka ba. Ya tashi ya sa takalmi ya je neman mota.

12/ A asibiti a Birnin Kebbi aka ɗebi jini. Likitar ta dubi takarda ta dube mu ta ce tun yaushe? Muka ce kwana biyu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce a sa shi a fitila yanzu, in zuwa safe bai sauka ba sai an yi masa canjin jini, a nemo mai bayarwa ya zauna kusa.

13/ Wata nas ta tambaye mu ko muna sa kafur a kayan jariri. Muka dubi juna. Akwatin kayan haihuwar Yaya cike yake da shi tun tana da cikin wata shida, don ƙwari da ƙamshi.

14/ Ashe akwai wani ƙarancin sinadari da ake gado a jini, G6PD, ya fi yawa a 'ya'ya maza, kuma a Najeriya ba baƙon abu ba ne. Mai shi in ya shaƙi kafur ko ya sa kayan da suka kwana da shi, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su yi ta fashewa. Lalle ma yana yin haka in aka shafa wa jinjiri. An gwada namu, yana da shi.

15/ Wato da safe muna shanya shi minti ashirin don shawara ta sauka, sauran awa ashirin da uku da wani abu yana naɗe cikin kayan da ke ƙara ta.

16/ Kwana huɗu ya yi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido, daga shi sai famfas. Ranar suna aka yanka rago a Dodoru, aka raɗa suna a zaure, mai sunan yana Birnin Kebbi. Alhamdulillahi ba a kai ga canjin jinin ba. Baba ya sayar da geron da ya ajiye don damina.

17/ A daren da nake jinya na yi ta karatu a waya, kuma abin da na gani ya sa na rage jin haushin Kaka. Ita kanta fitilar daga rana aka samo ta. A 1956 a asibitin Rochford a Ingila, wata nas mai suna Jean Ward tana fitar da bakwaini su sha iska. Sai aka lura fatar da rana ta taɓa ta washe, inda zane ya rufe yana nan rawaya.

18/ Likitocin wurin suka bi diddigi, a 1958 suka buga sakamakon, daga nan aka fara ƙera fitilun. Shuɗin haske ne ke canza siffar bilirubin ta yadda jiki zai fitar da shi ba sai ya jira hanta ba. Kuma shuɗin nan yana cikin hasken rana. Tsofaffinmu sun ga wani abu na gaskiya.

19/ Har a ƙasar nan an gwada. A asibitin haihuwa na Island da ke Legas, Tina Slusher da Bolajoko Olusanya da abokan aikinsu sun yi bincike a kan jarirai 447, aka buga a 2015. Sun kafa rumfa da wata leda ta musamman mai tare hasken da ke ƙona fata, ta bar shuɗin ya wuce. Ta yi aiki a kashi 93 na kwanakin jinya, fitilar asibiti kashi 90.

20/ Amma ku duba yadda aka yi shi. Rana ce tatacciya. Awanni ake yi a rana ɗaya, aƙalla biyar. Ana auna zafin jikin yaro a kai a kai, ana auna jini, kuma masu shawara mai sauƙi zuwa matsakaiciya aka sa. Ina wannan ina tabarmar tsakar gidanmu? Minti ashirin bai isa ya sauke komai ba, awa biyar kuwa a ranar Kebbi ta Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, gasa yaro za ka yi.

21/ Na san wasu za su ce to batun ƙashi fa, ai rana ce ke ba da bitamin D. Haka ne, fata na ƙera shi in rana ta taɓa ta, kuma nonon uwa ba shi da shi da yawa. Sai dai likitocin yara ba sa son a bar ɗan ƙasa da wata shida a tsakiyar rana, fatarsa sirara ce, ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake. Akwai bitamin D na ɗigawa a baki, a tambayi likita.

22/ Wani abin mamaki: a Jos, Tom Thacher da abokansa sun yi nazarin yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, aka buga a 1999. Yara ne da ke yini a rana. Waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Ke nan gwamen da muke gani a ƙauye sau da yawa daga kwano yake: koko da tuwo kullum bayan yaye, babu nono, babu kindirmo, babu ƙananan kifi.

23/ Abin da nas ɗin ta koya mana kafin sallama, ga shi kyauta. A duba jariri kullum a makon farko, a waje cikin haske, ba a ɗaki ba. Farin ido, dasashi, sannan a danna kan hanci da yatsa a ɗaga a ga launin da ya fito. In rawaya ta bayyana tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin hannu da ƙafa, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya yi tsini, ko yana banƙarewa, a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne.

24/ Akwai wani yaro a unguwarmu, ya kai shekara bakwai, ba ya zama sai an tokare shi, ba ya ji. Tun ina sakandare ake cewa iska ce ta taɓa shi a jego. Da muka dawo, uwarsa ta zo sannu da zuwa, ta saurari labarin fitila har ƙarshe. Ta ce nata ma idonsa haka ya yi, sun yi ta hantsi. Ba wanda ya amsa mata. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

25/ Kaka ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Amma da kanta ta zazzage akwatin Yaya ta tsince kafur ta zuba a masai, ta sa aka wanke kayan sau biyu. Da na nuna mata hoton fitilar, cewa ta yi, "To ai wagga ma rana ta, waya kawai sunka sa mata."

26/ Yanzu in an haihu a maƙwabta ita ake kira, kuma na ji an ce har danna hanci take yi. Har yau tana fita da angonta da hantsi, amma gindin dogon yaro suke zama, yana tsintar ƙasa yana kaiwa baki.

27/ Matar cikin mota na yi mata magana kafin in sauka. Ta ce za ta faɗa wa maigidanta. Ban karɓi lambarta ba, abin yana damuna.

28/ Ɗan Yaya ya fara takawa. In an kira shi ta dama yana waiwayowa, ta hagu sai an maimaita. Wata mai zuwa za a sake yi masa gwajin kunne. Ku sa shi a addu'a 🤲