Wasan da muka kira "Chanis"

Mu da muka yi ƙuruciya a Maitumbi a ƙarshen shekarun 1980, duk faɗan da aka ɗaga ƙafa sama sunansa ɗaya a wurinmu: Chanis. Mu kalli fim a gidan bidiyo, mu fito muna harbin iska har wando ya yage. To, da wani ɗan bautar ƙasa ya fara tara yara da yamma a filin firamare yana koya musu abin da ya kira takwando, da gudu muka je. Ba mu yi sati biyu ba iyaye suka ce atafau. Mahaifin ɗayanmu, mahauci Basakkwace da ya yi dambe a zamaninsa, cewa ya yi: "In duka kuke so, ga dambe nan, gadon gidanku. Me ya kai ku rawa da farar riga?" Muka bari. Malamin ya gama shekararsa ya tafi.

Sai da muka girma muka san wasan ba na Sin ba ne, na Koriya ne, kuma a lokacin bai daɗe da fita duniya ba. Gasar duniya ta farko a watan Mayun 1973 aka yi ta, a zauren Kukkiwon da ke birnin Seoul, shekarar da naira ta maye gurbin fam, Minna kuma tana cikin Jihar Arewa maso Yamma. Ƙasashe 19 kacal suka je, maza zalla, ajin nauyi biyu, duka biyun kuma 'yan gida suka lashe. Mata sai 1987 aka buɗe musu tasu gasar. A Olamfik na 1988 da na 1992 nuni kawai aka yi da wasan, ba a lissafa lambobinsa, shi ya sa azurfar da Emmanuel Oghenejobo ya ciyo a Barcelona a 1992 ba ta shiga lissafin Najeriya ba. Sai a Sydney, shekarar 2000, ya zama cikakken wasa.

Ke nan lokacin da malamin nan yake jera mu a ƙura, ƙofar ba ta cika da mutane ba tukuna. Ba mu ce da mun zama zakaru ba. Wasunmu ko tsayuwa da ƙafa ɗaya sai da dafa bango. Amma abin yana yi mana ciwo.

Ciwon ya taso ne a 2016, da muka ga Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Jamhuriyar Nijar, dogo kamar giginya, ya kai wasan ƙarshe a Rio ya ɗauki azurfa. Ita ce lambar Olamfik ta biyu a tarihin ƙasarsa, bayan tagullar ɗan dambe Issaka Dabore a 1972. Da shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya, a Koriyar kanta. Shi ma, fa, mahaifinsa ya hana shi wasan yana yaro.

Yanzu ga shi abin ya biyo mu har gida. 'Yar ɗayanmu, jikar mahaucin nan, mai shekara goma sha ɗaya, ta ce tana son shiga ajin takwando a makarantarsu. Uban ya kawo maganar majalisa bayan isha'i, sai muka ji bakunanmu suna maimaita kalaman iyayenmu: rauni, Islamiyya, me mutane za su ce. Ba tsoron banza ba ne, don shuri a kai ba wasa ba ne ko da hular kariya. Wani cikinmu ya buɗe waya ya nuna mana Hedaya Malak ta Masar da ta ci tagulla a Rio, da ɗankwalinta a ƙarƙashin hular. Aka yi shiru.

Uban ya kafa sharaɗi uku: mace ce za ta koyar, ba za a taɓa lokacin Islamiyya ba, ta dawo kafin magariba. Kuɗin farar rigar mu muka haɗa. Kakan yana raye, idonsa ya yi rauni. Da aka gaya masa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya: "Da wace ƙafa take harbi?"