Wasiƙa Daga Birmingham Zuwa Ga Yayana

Zuwa ga Yayana, magajin mahaifinmu,

Ina sanar da kai saƙonka ya iso, na kuwa fahimci abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya shi ne sha'anin yaron nan namu da ke Landan, wanda ya ba shekara 30 baya, ga aikin jinya a hannu, ga albashin da in an juya shi zuwa naira sai mutum ya riƙe baki, amma har yau bai ajiye iyali ba, bai kuma ɗora ko bulo ɗaya a filin da ka yanka masa ba. Ka tambaye ni ko ɗabi'ar Turawa ce ta cinye shi, ko kuwa sharholiya ce ta lashe dukiyar. Tun da yake ni ka ɗora wa amanar sa ido a kansa, wajibi ne in ba ka cikakken jawabi ko da zai yi tsawo, domin mas'alar ba tasa ba ce shi kaɗai. Da ita samarin ƙasar nan, farinsu da baƙinsu, suke kwana suke tashi.

Na ziyarce shi bayan Babbar Sallah. Gidan da yake ciki asalinsa na iyali ɗaya ne, amma mai shi ya mai da falon ɗakin kwana, ya zuba mutum biyar waɗanda ba wanda ya san garin wani, kowa da ɗakinsa da makullinsa, kicin ɗaya, makewayi ɗaya. Da na buɗe firji zan ɗauki ruwa sai na ga kowane hawa an manna masa takarda da sunan mai shi, har robar madara an ja mata layi da alƙalami daidai inda mai ita ya tsaya jiya. A jikin bango kuma ga jadawalin wanda zai fitar da shara da wanda zai yi goge-goge. Ɗakin nasa kuwa, in zai shimfiɗa darduma sai ya ɗora kujera bisa gado. Shi yake biya wa kusan fam 1,000 kowane wata, alhali abin da ke shiga hannunsa bayan an cire haraji da kuɗin fansho fam 2,000 ne da 'yan kai. A ragowar zai ci, ya hau jirgin ƙasa zuwa aiki, ya sayi suturar sanyi, sa'an nan ya aiko muku da abin da ya saba aikowa, wanda na san ba ya fashi.

To, ga lissafin sayen gida. A 1997, bisa ƙididdigar hukuma, matsakaicin gida a Ingila yana kamawa ninki uku da rabi na albashin shekara na matsakaicin ma'aikaci. A 2023 ya kai wajen ninki takwas, a Landan kuwa wajen goma sha biyu, inda matsakaicin gida ya haura fam 500,000. Banki a galibi ba ya ba mutum bashin da ya wuce ninki huɗu da rabi na albashinsa, yana kuma neman ya fara ajiye kafin alƙalami, yawanci ushirin kuɗin gidan, wato fam 50,000 a misalin Landan. Ko yaron nan ya tara wannan, bashin da za a ba shi ba zai kai rabin kuɗin gidan ba. Ni da na sayi nawa a ƙarshen shekarun 1990, ban fi shi himma ba, ban fi shi tsimi da tanadi ba. Allah ne kawai ya kawo ni a lokacin da ƙofa take buɗe. Daga baya kuma, tsakanin Disambar 2021 da Agustan 2023, Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 zuwa kashi 5.25 cikin ɗari, har waɗanda suka riga suka shiga gidajen suka fara tunanin fita.

Dattawan nan ma suna yi wa 'ya'yansu irin zargin da kake yi wa naka. A 2017 wani attajirin mai harkar gidaje ɗan Ostareliya ya ce da matasa za su bar cin burodi da fiya da shan gahawar kanti, da sun mallaki gidaje, maganar kuwa ta zagaya duniya. Ba na musun akwai israfi a cikinsu, ina ganinsa a wayoyi da takalma da yawon buɗe ido. Amma wanda ya bar shan gahawar fam uku da rabi kowace safiya, sai ya yi kusan shekara 40 kafin ya tara wancan kafin alƙalamin, farashin kuwa ba zai tsaya jiransa ba, ya zama kamar mai cika randa mai huji. Wanda ya yi wannan lissafi ya ga inda ya kai shi, ba abin mamaki ba ne in ya yanke ƙauna ya sha gahawarsa.

Asalin ciwon yana da tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙananan hukumomi suka duƙufa gina gidajen haya masu sauƙi, har a 1953, zamanin da Harold Macmillan yake ministan gidaje, aka gina gidaje sama da 300,000 a shekara guda, na hukuma da na masu zaman kansu. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen hukuma damar saye da rangwame mai yawa, aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila. Waɗanda suka saya sun ci moriya, wannan gaskiya ne, amma ba a mayar da gurbin abin da aka sayar ba, ga kuma dokokin tsara gari da suka kewaye manyan birane da filayen da aka haramta gini a cikinsu. Sa'an nan dokar 1988 ta ba mai gida ikon tashin ɗan haya da sanarwar wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba, aka kuwa zauna a haka fiye da shekara 30, ta yadda mace mai ciki ba ta da tabbacin a gidan da ta ɗauki cikin za a yi suna. Kan wannan duka aka ɗora wa ɗalibai kuɗin jami'a, wanda aka soma a 1998 ya kai fam 9,000 a shekara a 2012. 'Ya'yana duka da bashinsa suka fito, ana cire musu kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura wani ƙayyadadden albashi.

Mu Musulmi kuma muna da ƙarin mas'ala, ita ce riba. A 1999 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, ƙarƙashin Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi, ta yi rangwame ga wanda ba shi da gida, ba shi da wata hanya, ya karɓi bashin banki don muhallin da zai zauna, bisa hujjar cewa buƙata in ta tsananta tana hawa matsayin lalura. Wasu malaman kuwa suka ƙi wannan fatawa ƙememe. A 2004 aka kafa bankin Musulunci na Birtaniya da hedkwatarsa a nan Birmingham, wanda yanzu ake kira Al Rayan. Irin waɗannan bankuna sukan yi musharaka da mai saye, su mallaki gidan tare, yana biyan hayar kasonsu yana kuma saye shi sannu a hankali har ya zama nasa. Sai dai galibi ya fi tsada, kafin alƙalaminsa kuma ya fi nauyi. Yaron naka yana cikin masu tsantseni a nan, ya ce ba zai sa hannu a takardar riba ba. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka ce Turai ta cinye shi.

Batun haihuwa shi ya fi taɓa mini zuciya. A gida, mace in ta haihu sai ta tafi wankan gida, ta dawo da 'yar raino, ga kaka, ga gwaggo, ga matan gida kowa na karɓar goyo. A nan duk wannan saye ake yi. A 2023 ajiye jariri a gidan raino duk ranakun aiki yana cin wajen fam 14,000 a shekara, abin da ya sa mata da yawa suka ga aikin nasu bai biya ba. Daga Satumbar 2025 gwamnati ta ɗauki nauyin awa 30 a mako ga iyaye ma'aikata tun yaro yana wata tara, an kuwa samu sauƙi, amma ba a warke ba. A 1964 lissafin haihuwa a Ingila da Wales ya kusa 'ya'ya uku ga kowace mace. A 2023 ya sauko 1.44, har unguwannin Landan irin su Hackney da Southwark suna rufe makarantun firamare saboda babu yaran da za su cika azuzuwa. Wanda kuma yake da takardar zama ta dindindin yana son ɗauko mata daga gida, tun Afrilun 2024 sai ya nuna samun fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 na da.

Duk da haka, Yaya, ba zan ce kuɗi ne kaɗai ba, domin na ga abin da kuɗi ba ya bayyanawa. Maƙwabciyata tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ita kaɗai a gida mai ɗaki uku, fitilar ɗaki ɗaya take kunnawa. 'Yarta kuwa tana wani gari tana haya, tana kai jaririnta gidan raino, sai ranar Kirsimeti su haɗu. Na taɓa tambayarta me ya hana su zama tare, sai ta dube ni da mamaki ta ce ai kowa yana buƙatar sararinsa. Wannan ita ce aƙidar ƙasar: mutum ba ya cika mutum sai ya tsaya shi kaɗai, kuma ɗan shekara 30 a gidan ubansa abin kunya ne, ko da yake ƙidayar 2021 ta sami manyan 'ya'ya wajen miliyan 4.9 a gidajen iyayensu, tilas ta mayar da su. Sun jera al'amura jeri guda, karatu, aiki, gida, sa'an nan aure da haihuwa, to da gidan ya gagara sai duk abin da ke bayansa ya tsaya cak. Waɗanda suke tsallakewa galibi waɗanda iyayensu suka ba su kafin alƙalami ne, abin da suke kira bankin uwa da uba. Ka ga ashe gado da dangi da aka ce an bar su a baya su ne dai suke yanke hukunci. Akwai kuma waɗanda ko an ba su gida kyauta ba za su haihu ba. Babbar 'yata ta ce mini, “Baba, ina son 'ya'ya, amma ban ga ribar in haife su in miƙa wa wasu su raina, ni ina can ina neman kuɗin biyan masu rainon ba.” Ban sami amsar da zan ba ta ba a lokacin, sai dai uwarta ta ce ta haifa ta kawo.

Abin da zan yaba musu, suna ɗaukar nafaƙa da muhimmanci, ba sa tara iyali su bar wa Allah da maƙwabta. Malamanmu na fiƙihu ma ai sun rataya aure a kan iko. Inda suka zarce shi ne sun kai haddin wadata inda ba a cim masa, ƙana'a ta yi ƙaranci, sai kowane yaro da ɗakinsa tun bai zo duniya ba. Mu kuma kada mu yi dariya, don gandu ya watse, ɗaki a gidan gado yanzu amarya ba ta yarda da shi, a Abuja da Kano ana karɓar hayar shekara gaba ɗaya, ga lefe da kayan ɗaki da walimar otal sun mai da aure fatauci.

Saboda haka ga shawarata, in ka amince. Na yi magana da shi ya nemi canjin aiki zuwa wani asibiti a nan Birmingham, inda gidaje ba su kai rabin kuɗin na Landan ba, ya zauna a ɗakina na sama ba haya, ko bayan ya yi aure, har Allah ya hore masa nasa. Matata ta yi na'am, shi ma bai ƙi ba. A naku ɓangaren, ina roƙon ka tara dangi ka ce a ɗaga masa ƙafa na shekara biyu daga buƙatun biki da suna, ban da abin da yake yi wa mahaifiyarsa, kuma in an sami yarinyar, ka tsaya da kanka a kan lefe kada mata su kai shi inda ba zai iya ba. Filin kuwa a kewaye shi da katanga kafin damina, kuɗin na wuyana, zan aiko ta hannun wanda na saba.

A gaishe da Hajiya da jiki, a gaya mata maganin ƙafarta yana hanya. A gaishe da liman da dukan mutanen zaure. Ina sauraron amsarka kafin azumi. Wassalam.

Ƙanenka.