Ranar da layin sayen giya ya zo kan wani ɗan fim a Dablin

Shi dai mutumin namu edita ne a Kano, ya shekara bakwai yana tace finafinan Hausa a wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya. A 2024 Allah Ya yi masa buɗi, ya samu gajeren kwas a Dablin, babban birnin Ailan. Tun kafin ya tashi yake ɗokin ganin ƙasar da aka ɗauki fagen yaƙin Braveheart da farkon Saving Private Ryan. Bai taɓa kawo wa ransa cewa abinci da abin sha ne za su fi ba shi aiki ba.

Washegarin saukarsa aka kawo masa karin kumallo irin nasu: ƙwai, wake, naman alade iri biyu, da wani baƙin abu kewayayye. Da ya tambaya aka ce ai da jinin alade ake yin sa. Nan take ya koma wa shayi da burodi. Daga ranar ya koyi tambaya kafin ya kai loma, don ko farfesun naman sa akwai wanda da giyar Guinness ake dafa shi, wasu kuma har ƙullun da suke soya kifi sukan zuba masa giya.

Wata Juma'a da dare ya je kallon fim tare da 'yan ajinsu biyar a Irish Film Institute, cikin unguwar Temple Bar. Ana tashi suka ce a wuce mashaya, wadda su suke kira pub. Gabansa ya faɗi. To amma ya riga ya lura cewa a can pub shi ne majalisa: nan ake cin abinci, a kalli ƙwallo, a saurari masu goge, kuma nan darakta yake haɗuwa da furodusa. Ko hayaƙin sigari babu, don tun 2004 aka hana shan taba a ciki. Ɗaya daga cikin biyar ɗin kuwa yana neman edita. Sai ya bi su, ya ce lemo zai sha.

Ashe akwai wata al'ada da babu wanda ya gaya masa. Mutum ɗaya ne zai tashi ya saya wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi, haka har layi ya zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin nasa, to sunansa ya ɓaci. Mutumin namu ya shanye lemo uku na mutane kafin ya farga.

Ya saci kallon allon farashi. A shekarar, kofin Guinness mai cin mililita 568 wajen Yuro 6 ne a yawancin ƙasar, amma a Temple Bar, wurin 'yan yawon buɗe ido, ya kusa Yuro 10. Kofi biyar Yuro 50 kenan, sama da Naira 80,000 a canjin lokacin. Kuɗin cefanensa na mako guda! Kuma ko da kyauta aka ba shi kuɗin, ta yaya zai sa hannu ya saya wa wani giya?

Da layi ya zo kansa sai ya daure ya ce, "Ku yi haƙuri, ni Musulmi ne, ba na sha kuma ba na saya. Amma abincin dare na kowa yana wuyana."

Wurin ya ɗan yi tsit. Can sai mai neman editan ya yi dariya, ya ce ai kakansa ma har ya mutu bai taɓa kurɓa ba, ɗan ƙungiyar Pioneer ne, ta Katolika masu ƙaurace wa giya, wadda aka kafa a nan Dablin a 1898. Suka fita, ya saya musu soyayyen kifi da dankali a kanti, bayan ya tambayi abin da ke cikin ƙullun, suka ci a tsaye bakin kogin Liffey. Kai, kuɗin ma sai da ya ɗara na giyar!

Daga baya ya je Galwe da Kok, ya tarar farashi ya fi na Temple Bar sauƙi, al'adar kuwa ɗaya ce. Amma yanzu ya san kan abin. Tun kafin a zauna yake cewa shi ba ya cikin layi, zai biya lemonsa da kansa, kuma babu wanda ya taɓa ɓata rai. In marmarin gida ya taso, sai ya nufi wajen masallacin South Circular Road, inda ake samun naman halal.

Aikin editan dai ya same shi. Da ya dawo Kano abokai suka yi ta tsokanarsa, wai ya shiga gidan giya a Turai. Shi kuwa abin da yake ce musu, ya shiga da ƙafarsa ya fito da hankalinsa, aljihun ne kawai ya ji jiki.