Gammon Mota

Daga cikin abin da mahaifinmu ya rasu ya bari, Allah ya jiƙansa, babu wanda muka mora kamar wata tsohuwar Marsandi ƙirar 190, wadda ya saya 'yar Kwatano tun ina firamare. Yayana shi ya gaji tuƙinta. Da ita yake yin shata daga Haɗejiya, yau ya kai amarya Auyo, gobe ya ɗauko marar lafiya daga wani ƙauyen Guri ko Kirikasamma ya nufi Kano da shi, wani jiƙon kuma fataken kifi su cika masa but da bandar tarwaɗa. Abin da ta samo shi ne cefanen gidanmu, shi ne kuma kuɗin makarantata. Saboda haka idan na ce na kusa kashe motar nan da karambani, mai karatu ya san ba ƙaramin abu nake nufi ba.

A shekarar 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da mu a gida tun daga watan Fabrairu har Oktoba, sai na zama yaron motar Yaya. A daminar nan ne kuma kogin Haɗejiya ya yi ambaliyar da ba za mu manta ba. Mu mutanen fadama mun saba da ruwa, da shi muke noman shinkafa, da shi muke su, amma tun da aka datse shi a Tiga a 1974 da Calawa a 1992, kacala kuma ta toshe magudanansa, zuwansa ya daina bin lissafin da kakanninmu suka sani. Samari suka kwana suna jibga buhunan ƙasa a kan jinga don kada ya ci gari. Da ya janye, sai ya bar mana hanyoyi duk zaizaya da kwazazzabo, inda a da kwalta take kuma sai tsakuwa da laka.

A nan motar ta fara ciwo. Idan Yaya ya taka mai, sai a ji wani abu ya buga daga baya, gum, kamar an jefa turmi a but. Idan ya ɗauke ƙafa, ya sake bugawa. A kan miƙaƙƙiyar hanya kuwa sai gindinta ya riƙa rangaji, yana neman bin wata hanya dabam da wadda sitiyari ya nuna masa. Muka kai ta gun wani dattijon bakanike da ya daɗe yana duba ta tun zamanin mahaifinmu. Ya shiga ƙarƙashi da ƙarfen banƙara, ya ɗan taɓa nan, ya taɓa can, ya fito yana karkaɗe riga ya ce, "Bushin ɗin kiros-memba ne, duka huɗun sun mutu."

Ya kamata in yi ɗan bayani domin waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Ƙafafun bayan irin wannan Marsandi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1982, ba a jikin bodi suke kai tsaye ba. Akwai wani ƙaton ƙarfe mai kama da gado, a jikinsa aka ɗaura hannuwa biyar-biyar da ke riƙe kowace ƙafa, a tsakiyarsa kuma ga tukunyar giyar da ke karɓar ƙarfi daga farfela ta raba wa ƙafafun biyu. Wannan gado shi ake ɗaure wa bodi a wuri huɗu, a kowane wuri kuma akwai dunƙulen roba a tsakani, watau bushin. Zafi da laka da bakin mai da yawan shekaru su ke cinye robar, har gadon ya sami sararin yin wasa.

Dattijon ya ba mu zaɓi biyu: ko a aika Kano a sayo sababbi, ko a kai wa masu yankan roba su yanko daga tsohuwar tayar babbar mota, su ɗan kai mu zuwa wata damina. Ni kuwa a daren nan na ɗauki waya na shiga intanet, na ga yadda masu tseren motoci a Turai da Amurka ke cire robar ɗungum su maye gurbinta da dunƙulen alminiyam. Suka ce mota takan daina rangaji, takan bi sitiyari kamar doki mai jin linzami, kuma ƙarfen ba ya ruɓewa irin na roba. Wannan gaskiya ne, har yau ban ƙaryata shi ba. Abin da na tsallake shi ne a kan wace irin hanya suke gudu, da kuma wa suke ɗauka.

Da safe na tari Yaya da lissafi, na ce aiki sau ɗaya ya fi aiki duk shekara. Dattijon ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗan makaranta, wanda ya ƙera motar nan yana da ƙarfe fiye da mu, amma ya sa roba." Na amsa masa da wani dogon bayani wanda yanzu nake jin kunyar tunawa. Yaya yana ganin girman karatuna fiye da yadda ya kamata, sai ya goyi bayana. Dattijon ya ce, "To, motarku ce."

Aikin ya ci mana yini biyu. Aka ɗaga motar aka ɗora a kan kututture, aka tokare gadon da jak, aka kwance kusoshin gefe ɗaya aka sassauto shi kamar faɗin yatsu huɗu, dattijon yana ta gargaɗin a kula da tiyon birki kada ya tsinke. Fitar da tsofaffin ita ce wahalar. Da yake babu injin matsewa, sai da aka ƙona robar tana ta hayaƙi mai wari, aka yanke zoben da ya saura da zarto, aka fitar da shi da kurfi da guduma. Muka kai awo gun mai injin sassaƙa ƙarfe, ya fitar mana da guda huɗu suna ƙyalli. Dabarar da nake alfahari da ita a lokacin, na sayo ƙanƙara gun masu sayar da ruwan sanyi na binne su a ciki don su ɗan tsuke, aka shafa giris, aka ja su ciki da doguwar kusa da noti. Ko dattijon sai da ya gyaɗa kai.

Ranar farko a kan lafiyayyar kwalta, wallahi motar ta koma yarinya. Bugun ya ɓace, rangajin ya ɓace. Sai dai wani kuka ya shigo, siririn gunji daga tukunyar giya wanda a da robar ke haɗiyewa, yanzu yana bin ƙarfe yana hawowa har cikin kujera. Yaya ya ƙara muryar rediyo.

Bayan na koma makaranta da 'yan makonni, aka ce a kai Inna Kano ganin likita saboda ciwon bayan da ya daɗe yana damunta, na zo don in raka su. Ba mu kai Gujungu ba sai da muka tsaya sau uku. Kowane rami, kowace tsakuwa, sai ta ji shi a ƙashin bayanta, tana riƙe da hannun ƙofa tana salati a hankali don kada ta tayar mana da hankali. A tsayawa ta uku ta ce, "Wai me kuka yi wa motar babanku ne?" Yaya ya dube ni. Na shiga yi mata bayanin gado da bodi da abin da ke tsakaninsu, ina ta laluben kalmar da za ta gane, ni da nake nazarin Hausa a jami'a. Ta katse ni ta ce, "Au, gammo kuka cire mata? Kai, wa ya taɓa ɗaukar tulu da gammon ƙarfe?"

Na yi shiru. A ajinmu na fassara mun sha yin gardama a kan ƙirƙirar kalmomin fannu, ko a ari ta Turanci a gyara mata baki, ko a ƙago sabuwa, ni ma har na taɓa cika shafi da ƙage-ƙage marasa daɗin faɗa. Ga wadda ba ta taɓa zama a aji ba ta ba abin suna da aikinsa, a numfashi ɗaya, tana cikin ciwo. Da na san sunansa gammo tun farko, ina jin da ban yi gardama da dattijon ba.

Kafin hunturu ya fita, bugun ya dawo, ya kuma fi na da tsanani. Wannan karon ba bushin ba ne. Dukan da robar ta saba sha ya koma kan bodi, tsohon ƙarfen da ruwan fadama ya riga ya ci, har ya tsage a gefen hagu daidai inda kusar take shiga. Dattijon ya nuna wa Yaya tsagar da tocila, bai ce komai game da ni ba, wannan kuwa ya fi mini zafi. Motar ta yi kwana goma sha ɗaya a gareji tsakanin mai walda da jiran robobi daga Kano, a daidai lokacin da bukukuwa suka yi yawa, shata tana wuce Yaya. Kuɗin rajistata na zangon nan sai da Inna ta sayar da tunkiyarta aka cika, abin da ba a gaya mini ba sai bayan na gama jarrabawa.

Motar tana nan tana aiki, da tabon walda a cikinta. Uku daga cikin dunƙulen an sayar wa masu narka tukwane. Na huɗun Inna ta hana, da shi take tokare ƙofar ɗakinta idan iska ta taso.