Zarto Na Ci, Hoto Ya Tsaya: Koyar Da Kafintanci Kai Tsaye Daga Jibiya

Masu cewa matasa su rungumi intanet su tallata sana'arsu ba su yi ƙarya ba. Amma ina so wata rana ɗaya daga cikinsu ya zo Magama Jibiya, ya shiga shagon kafinta, ya riƙe waya ya gwada nuna aiki kai tsaye a Facebook. Ni ke riƙe wa kawuna waya idan zai yi, don haka abin da zan faɗa ba labarin ji-ta-ji-ta ba ne.

Me ya kai kafinta ga wannan wahala tun farko? Maraɗi ta fi Kano kusa da mu, kuma shagunan Jibiya sun daɗe suna cin kasuwa biyu. Uwar amarya daga Ɗan Isa za ta tsallako ta zaɓi gado da wadrof, yaro daga can zai zo koyon aiki ya kwana gidan dangi. Sai aka rufe iyaka a watan Agustan 2019. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, tamu ba ta ciki, sai a Afrilun 2022. Ba mu gama murna ba sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙame ƙofa har zuwa Maris na 2024. A waɗannan shekaru ne Kawu, mutumin da a da ko hoto ba ya son a ɗauke shi, ya yarda a kafa masa waya a gaban bencin aiki. Yaran da ya koya wa aiki sun watsu, masu saye sun daina zuwa, waya ce kaɗai ba ta bi ta gaban jami'in kwastan.

Abu na farko da mutane ba su gane ba shi ne kallon bidiyo daban, aika shi daban. Idan kana kallo, wayarka tana tara 'yan daƙiƙoƙi a gaba, ko sabis ya ɗan yi tuntuɓe ba za ka sani ba. Mai nunawa kai tsaye ba shi da wannan ajiya. Dole hoto ya riƙa fita daga wayarsa babu yankewa, kuma kamfanonin waya sun fi ware ƙarfi ga saukewa, ba ga ɗorawa ba. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis a cike, kana kallon wasan ƙwallo lafiya lau, amma da ka danna kai tsaye sai abin ya fara rarrafe.

To, idan sabis ya yi rauni, manhajar ba ta fara da yankewa. Tana fara rage kyan hoto ne. Kuma abin da take zubarwa shi ne ƙananan abubuwa: layin fensir a kan falanki, inda jijiyar itace ta nufa, ɗan gibin da ya rage tsakanin katako biyu da aka haɗa. Ga mai wa'azi ko mai sharhin siyasa wannan ba komai ba ne, muryarsa ta isa. Ga kafinta kuwa, nan ilimin yake gaba ɗaya. Kawu zai ɗauki lokaci yana bayanin yadda ake yanka a gefen layi, ba a kan layin ba, don kaurin haƙorin zarto yana cin nasa rabon. Ya sa zarto. Daidai wannan lokaci garin katako ya tashi, hannu na kai da komo, komai na motsi, bayanan da waya za ta aika suka ninka, sai hoto ya dagule ya tsaya. Da ya dawo, katako ya riga ya rabu biyu. Yaron da ke kallo daga Maraɗi ya ga farko, ya ga ƙarshe, abin da ya zo nema ne kaɗai bai gani ba. Kuma katakon da aka yanka ba ya komawa. In za a maimaita, sai a ɗauko wani, wanda aka sayo daga 'yan katako na Na'ibawa a Kano, aka biya kuɗin mota, aka wuce shingaye.

Akwai kuma wata matsala da mutanen bakin iyaka ne kaɗai suka san ta. Waya ba ta san inda Nijeriya ta ƙare ba. Idan turken sadarwa na wancan ɓangare ya fi ƙarfi, sai ta saki namu ta kama na Nijar, kana tsaye a shagonka ba ka motsa ba. Nan take data ta ɗauke, ko kuɗin da ke kan layin ya zurare da farashin mai tafiya ƙasar waje. Maganin shi ne a shiga saitin waya a zaɓi layi da hannu, a hana ta zaɓa da kanta. Wannan ɗan ƙaramin abu ya ceci shirye-shiryenmu da yawa, kuma ina roƙon duk mai sana'a a Jibiya, Illela, Maigatari da Kongolom ya yi shi.

Sai murya. Injin yanka na lantarki yana buƙatar wuta, wuta kuwa kowa ya san halinta, don haka janareta ne. Janareta na ruri a baya, inji na kuka a gaba, ita kuma wayar an ƙera ta ne ta danne hayaniya ta fito da magana. Idan ƙarar ta yi yawa sai ta rikice, ta haɗa da muryar Kawu ta danne. Saƙonni su yi ta shigowa: ba ma ji, a ɗaga murya, ya tsaya. Kuma saƙon kan makara, domin abin da mai kallo yake gani ya riga ya wuce a wurinmu. Nan ne hankalina ya fi tashi. Mutum yana tura katako cikin inji, idonsa na son komawa kan waya don ya ga me ake cewa. Na gaya masa, Kawu, don Allah ka bar mini wayar, kai ka dubi hannunka. Babu yawan masu kallon da ya kai yatsa ɗaya daraja.

Zafi ma na da nasa. A watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, waya na ɗaukar hoto, tana aikawa, tana kan caji, sai ta yi zafi ta rage aiki ko ta kashe kyamara da kanta. Ƙura ta lulluɓe idon kyamara, ta toshe ramin caji.

Kuɗin kuma fa? Awa ɗaya na hoto mai ɗan kyau yana iya cinye wajen gigabait guda. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Man janareta kuwa tun cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Sannan daga Fabrairun 2025 Facebook ya fara goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, in ba ka sauke shi ka adana ba. Wato darasin da aka sha wahala a kansa yana iya ɓacewa ba tare da kafinta ya sani ba.

Ban manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki. Na fahimci dalilin, mu ne muke kwana da fargabar. Amma watannin nan sun nuna mana cewa sabis ba kayan nishaɗi ba ne. Mutane kan yi tafiya zuwa Katsina ko su nemi layin Nijar don kawai su kira mai sayen kayansu. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan, kuma muna maraba da shi. Sai dai ina ganin garin da aka yarda ya cancanci jirgin ƙasa ya cancanci turakun sadarwa masu ƙarfi da wutar da za ta riƙe su.

Yanzu ga yadda muke yi, ko wani zai amfana. Mun daina nuna aikin yanka da haɗa katako kai tsaye. Muna ɗaukarsa a bidiyo da safe, haske na da kyau, waya a ɗaure a jikin katako kusa da hannun Kawu. A kashe inji, sannan ya yi bayani. A yanka bidiyon gajere-gajere, a ɗora da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, a tura ta WhatsApp ga waɗanda ke Nijar, su sauke sau ɗaya su yi ta maimaitawa a shagunansu. Kai tsaye kuwa mun bar shi don tambaya da amsa kawai, Kawu na zaune, janareta a kashe. Ko hoto ya dagule, magana tana isa.

Na san wannan ba daidai yake da tsayawa kusa da oga yana riƙe hannunka a kan zarto ba. Wanda ke da hali, ya zo shago ya koya. Masassaƙanmu na ƙauyuka, masu fafe turmi da akushi da gizago, su ne na fi jin tausayinsu, don inda suke sabis ɗin ma sai an hau tudu, kuma da yawansu rashin tsaro ya raba su da dajin da suke samo kirya da maɗaci. Idan akwai matashi a kusa da irin waɗannan dattawa, ya ɗauki aikinsu a waya ko babu sabis, ya adana, in ya shigo kasuwar Jibiya ranar Lahadi sai ya ɗora.